Monita mai isasshen bes a ɗakin ƙafa 12: abin da za ka saya, da abin da za ka bari a shago

Ƙorafi ɗaya ake ta maimaitawa a ƙananan situdiyoyin gida a Sakkwato. Mutum ya gama haɗa kiɗa, a cikin ɗaki komai ya zauna daram, amma da an sa waƙar a akwatin DJ wurin biki sai bes ya tashi ya danne muryar mawaƙi, ko kuma a kunna ta a waya a ji kamar ba a sa bes ba ko kaɗan. Daga nan sai ka ji mai situdiyo ya ce “wagga monita ba ta da bes,” wato sifikar situdiyo da yake sauraron aikinsa da ita, ya fara tara kuɗin mai inci 8. Sau da yawa ba a nan gizo ke saƙa ba. A ƙaramin ɗakin siminti, rabin kaurin sautin da kunne ke ji aikin bango ne da silin, monita kuwa nata rabi ne kawai. Wanda bai san haka ba zai kashe kuɗin da ya isa gyara ɗaki baki ɗaya a kan akwati mafi girma, ya koma gida ya tarar matsalar ta ƙaru.

Da farko a fayyace me ake nufi da isasshen bes. Ana auna kaurin sauti da yawan kaɗawar iska a cikin daƙiƙa ɗaya, wato Hz, kuma duk lokacin da lambar ta yi ƙasa sautin ya fi kauri. Muryar namiji mai magana tana farawa ne daga wajen 85 Hz zuwa sama, ta mace daga wajen 165. Tsirkiyar jita mafi kauri tana kan 82 Hz. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes mai tsirkiya 4 tana kan 41 Hz. Dukan kik, wato babbar gangar da ake bugawa da ƙafa, wanda ake jin sa a ƙirji, galibi yana tsakanin 50 da 80 Hz, shi kuwa 808, wato dogon bes ɗin na'ura da matasan masu manhajar FL Studio suke so, yakan gangara har 30 da ɗoriya. Kalangu da kotso da mandiri duk suna sama da wannan yanki, sai dai babbar ganga da takan ɗan leƙo shi. Saboda haka wanda aikinsa ɗaukar wa'azi ne, ko karatun Alƙur'ani, ko tallar rediyo, monita mai inci 5 ta ishe shi har da ragi. Mai haɗa kiɗan fiyano na waƙoƙin soyayya da na biki da na siyasa yana buƙatar monitar da za ta faɗa masa gaskiya har zuwa wajen 45 ko 50 Hz. Abin da ke ƙasa da nan akwai hanyar duba shi mai arha, za mu zo kanta.

Lambar da ke jikin kwali

A nan ake yi wa mutane wayo, kuma ba ƙarya ake yi musu ba, rashin karanta ƙaramin rubutu ne. Kamfani zai rubuta cewa monitarsa tana sauka zuwa 43 Hz, amma a gefen lambar akwai wata ta dB, wato ma'aunin ƙarfin sauti: ko -3 dB ko -10 dB. Ta farko tana nufin sautin ya ɗan ragu kaɗan, har yanzu za ka iya yanke hukunci da shi. Ta biyu tana nufin ƙarfinsa a kunne ya koma kamar rabi, akwai shi amma ba abin dogaro ba ne. Ɗauki Yamaha HS5, wadda ake gane ta da farin wufa, wato faifan da ke fitar da bes, wanda faɗinsa ake nufi idan an ce monita mai inci kaza. Takardarta ta ce 54 Hz a -10 dB, amma a -3 dB 74 Hz ce. Wato ƙasan kik ɗinka ma ba ta nuna maka shi sosai. HS7 mai inci 6.5 tana da 43 a -10 da 55 a -3, HS8 kuma 38 da 47. JBL 305P MkII inci 5 ce ita ma, amma tana kai 49 Hz a ma'aunin 3 dB, 43 a -10. Ka ga monita biyu masu girman wufa ɗaya, amma tsakaninsu akwai tazarar 25 Hz a daidai wurin da bes yake zaune. Yayarta 306P MkII tana da 47 a ma'aunin 3 dB da 39 a -10, haka ma Kali LP-6, 47 da 39. KRK Rokit 5 ta ƙarni na 4 an rubuta mata 43 Hz, a -10 dB. Su kuwa ƙananan nan masu inci 3.5, irin PreSonus Eris E3.5 da ake sayarwa biyu a kwali ɗaya, 80 Hz ne iyakarsu. Suna da kyau wajen tace murya da hotunan bidiyo, amma kada a yi musu zaton bes. Duk monitar da aka rubuta mata lamba ba tare da dB a gefe ba, ka ɗauka -10 ake nufi.

Dalilin da girman wufa ke da tasiri shi ne bes tura iska ne. Idan sauti ya yi ƙasa da ninki ɗaya, misali daga 100 zuwa 50 Hz, sai wufa ya tura iska ninki 4 kafin ya ba da ƙarfi iri ɗaya. Fuskar wufa mai inci 6.5 ta kai kamar ɗaya da rabi ta mai inci 5, ta mai inci 8 kuma kamar biyu da rabi. Ƙaramin wufa zai iya sauka ƙasa idan an ƙera akwatin da dabara, sai dai ba zai yi hakan da ƙarfi ba. Da ka murɗa sauti sai ya fara gunji, kafar iska ta riƙa huci. Wannan kafar, wato ramin da ke gaba ko bayan akwatin, ita ce ke taimakon wufa a sautuka mafi kauri, amma ƙasa da inda aka saita ta sautin yana faɗuwa da sauri, wajen 24 dB a kowane ninki, wufa kuma ya riƙa wutsil-wutsil ba ya fitar da komai. Shi ya sa yake da kyau ka yanke duk abin da ke ƙasa da 30 Hz a kan kik da bes, domin wahalar da wufa kawai yake yi.

A ganina, a ɗakin ƙafa 10 da 12 ko 12 da 12, mai inci 6.5 ko 7 ita ce daidai, irin Kali LP-6, JBL 306P MkII, Yamaha HS7 ko Adam T7V. Idan aljihu bai kai ba, JBL 305P MkII ta fi yawancin sa'o'inta sauka ƙasa, aibinta shi ne wata 'yar siririyar shuuu da ake ji daga tuwita, wato ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, idan ka matso kusa kuma ɗaki ya yi tsit. HS5 gwana ce wajen tona asirin murya da tsakiyar sauti, amma mai ita dole ya duba bes a wani wuri. KRK tana da daɗin ji, masu waƙa suna son ta idan sun shigo sauraro, sai dai daɗin ji da faɗar gaskiya ba kullum suke tafiya tare ba, kuma ta ƙarni na 4 tana da ɗan allo a baya da ake saita sautinta, ya kamata a yi amfani da shi. Ita kuwa mai inci 8 a bar ta sai ɗaki ya kai ƙafa 14 da 16 ko fiye. Akwatin gidan biki da sifikar falo mai sabwufa, wato akwatin bes zalla, ba sa cikin lissafi, an yi su ne don su ƙara gishiri, kai kuma mai ɗanɗana miya kake nema.

Ɗakin

Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa idan zafi yana kan digiri 20, a irin zafin Sakkwato kuwa yakan kai 350 ko ya ɗan wuce. Tsakanin kowane bango biyu masu fuskantar juna akwai sautin da tsawonsa ya dace da tazarar, sai ya riƙa kai da komo yana ƙarfafa kansa. Lissafinsa ba wuya: raba 175 da tsawon ɗakin a mita. Ƙafa 12 mita 3.66 ce, amsar ita ce wajen 48 Hz, sannan ninkinsa 96 da 143. Ƙafa 10 tana ba da 57 Hz, ƙafa 14 kuma 41. Tsakanin daɓe da silin ma haka abin yake. Ga inda ɗakunanmu suke cutar mu: magina sun saba da 12 da 12, wato tsawo da faɗi ɗaya, sai bango huɗu su taru a kan sauti guda su ninka shi. Wannan 48 Hz ɗin yana dab da G na ƙasa a fiyano, wanda ke kan 49 Hz. Duk waƙar da bes ɗinta ya taka wannan G za ka ji ɗaki ya ɗauki ruri, ka rage shi, alhali a cikin waƙar lafiyarsa ƙalau. Wanda ke da zaɓi tsakanin ɗaki biyu ya ɗauki wanda tsawonsa ya bambanta da faɗinsa, ko da ya fi ƙanƙanta.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne rurin ba ko'ina yake ba. A jikin bango yana da ƙarfi, a kusurwa ya fi ƙarfi, amma a tsakiyar ɗaki cif wannan sautin kusan ɓacewa yake. Mutumin da ya ajiye kujera a tsakiyar ɗakin ƙafa 12 ba zai ji 48 Hz ba ko da monitar miliyan nawa ya saya, domin raƙuman sautin suna kashe juna a daidai kansa. Sai ya yi ta ƙara bes har ya ji shi, waƙa ta fita waje ta zama abin tsoro. Kana iya gwada wannan yau: nemo manhajar da ke fitar da tsantsar sauti guda, sa 48 Hz a matsakaicin ƙarfi, ka taka a hankali daga bangon gaba zuwa na baya. Za ka ji yana cika kunne, ya ragu, ya ɓace, ya sake dawowa.

Irin ginin ma yana da nasa. Bulo mai inci 9 da aka yi wa filasta, da daɓen tayil, da rufin kankare, suna mayar da bes kusan gaba ɗaya. Silin mai sauƙi irin na roba ko falanki yana barin wani ɓangare ya tsere sama, wanda alheri ne, amma shi kuma yakan kama karkarwa. Kafin ka zargi monita da ƙara, ka bi sautuka daga 40 zuwa 200 Hz a hankali kana saurare. Mafi yawan lokuta mai laifin ƙofar ƙarfe ce, ko gilashin taga, ko kwanon rufi da ƙusarsa ta saki, ko murfin fitila. Ɗan soso ko robar tayar babur da aka cusa a wurin yana kashe ƙarar.

Ajiye monita da kujera ba ya cin ko kwabo, kuma ya fi kowane gyara tasiri. Ka fuskanci gajeren bango, sauti ya bi tsawon ɗakin. Kanka ya kasance wajen kashi 38 cikin 100 na tsawon ɗakin daga bangon gaba, a ɗakin ƙafa 12 kusan mita 1.4 ke nan. Wannan mafari ne, sai ka matsa gaba ko baya da taƙi ɗaya kana saurare. Hagu da dama su zama daidai, tazarar monitar hagu da bangonta ta yi daidai da ta dama. Tsakanin monita biyun da kanka ya zama tazara ɗaya ta kowane ɓangare, mita 1 zuwa 1.2, kowace ta juyo tana kallon kunnenka, tuwita a tsayin kunne, wajen mita 1.2 daga ƙasa ga wanda ke zaune. A tsaye ake ajiye su yadda aka ƙera su, kwantar da su yana ɓata haɗuwar wufa da tuwita.

Sai maganar bangon da ke bayan monita, wadda ake yawan kuskure a kanta. An saba cewa a janye monita daga bango, sai mutum ya janye ta mita 1 ya ga ya yi daidai. Bes yana fita ta kowane gefe, wanda ya tafi baya ya daki bango ya dawo, a wani sauti na musamman sai ya iso a juye ya kashe wanda ke fitowa ta gaba. Lissafinsa: raba 87 da tazarar da ke tsakanin fuskar monita da bangon, a mita. Mita 1 tana huda rami a wajen 87 Hz, daidai cibiyar kik da bes. Santimita 60 tana kai ramin 145 Hz. Idan ka matsa da ita har ya rage santimita 10 tsakanin bayanta da bango, fuskarta tana wajen santimita 35 zuwa 40, ramin ya haura sama da 200 Hz, inda allon tsotse sauti zai iya maganinsa. A ƙaramin ɗaki kusa da bango ya fi. Abin da za ka biya shi ne bango yana ƙara wa bes ƙarfi, har zuwa 6 dB, kusurwa kuwa har ninkin haka, shi ya sa ba a cusa monita a lungu. Maɓallan da ke bayanta don wannan aka yi su: Yamaha tana da na rage 2 ko 4 dB, JBL tana da na rage 1.5 ko 3, Kali kuma ƙananan maɓallai ne da zanen yadda za ka saita su a jikin bayanta. Mai kafar iska a baya tana buƙatar wannan santimita 10 ɗin ta yi numfashi, mai kafa a gaba, irin Kali da KRK, ta fi haƙuri da matsi.

Kada a ɗora su kai tsaye a kan teburin falanki. Teburin yana kama rawa ya ƙara wani kauri na ƙarya a wajen 100 zuwa 200 Hz. Bulo da aka jera a bayan tebur, aka shimfiɗa masa soso mai tauri, ya fi yawancin ƙafafun da ake sayarwa, saboda nauyi ake nema. Mai walda ma zai iya yi maka da bututu mai faɗin inci 3 ko 4, faranti sama da ƙasa, ka cika cikinsa da busasshen yashi.

Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya taɓa bes ko kaɗan, haka ma siririn soson nan mai tsini-tsini. Dalili: abu mai laushi yana tsotse sauti sosai ne idan kaurinsa ya kusanci kwatan tsawon sautin. Tsawon 100 Hz mita 3.5 ne, kwatansa kusan santimita 87. Soso mai santimita 5 sai dai ya cinye sautukan sama, ya bar ɗakin ya mutu ta sama yana ruri ta ƙasa, an gudu gara an faɗa gidan zago. Abin da ke aiki shi ne kauri da kusurwa. Kafinta ya yi maka firam mai santimita 60 da 120, zurfin santimita 10, a cika shi da audugar dutse, wadda masu aikin ɗakin sanyi da na'urar sanyaya wuri suke amfani da ita, mai nauyin kilo 40 zuwa 60 a kowace mita kubik. Idan mai kaurin santimita 5 aka samu a haɗa biyu. A rufe da yadin da iska ke ratsawa, gwajinsa ka kara shi a baki ka hura, idan iska ta wuce ya yi, leda da fata ba sa yi. Mai aikin ya sa safar hannu da takunkumi, audugar tana ƙaiƙayi kuma ba a son ta a huhu. Guda 8 sun isa a fara: biyu-biyu a kusurwoyin gaba, ɗaya bisa ɗaya, a gicciye yadda za a bar iska a bayansu, ɗaya a kowane bangon gefe daidai inda za ka hango monita idan aka kara madubi, biyu a bangon baya. Ba za su kashe 48 Hz ba, kada a yi maka alkawarin haka, amma daga wajen 100 Hz zuwa sama za ka ji kik ya daina jan wutsiya. Inda audugar dutse ta gagara, tsohuwar katifa mai kaurin inci 8 da aka tsayar a kusurwa ta fi babu, sai dai soso abokin wuta ne, a nisanta shi da soket da waya.

Wuta, zafi da ƙura

Wutar Najeriya 230 ce, mai kaɗawa 50 a daƙiƙa. Monita ta hannu da ta fito daga Amurka tana iya zama ta 120 kaɗai, kuma Yamaha HS na cikin waɗanda ake ƙera su daidai da wutar ƙasar da za a kai su. Ka karanta rubutun da ke kusa da soket ɗinta kafin ka jona. Idan 120 ce sai da tiransifoma mai rage wuta, in ba haka ba daƙiƙa ɗaya ta isa ta ƙone. JBL 305P MkII tana karɓar daga 100 zuwa 240, wannan ma wani dalili ne na son ta a nan. Monita ba ta da cin wuta, HS7 wat 55 take ja, don haka sitabilaiza mai 1000VA ta ɗauki monita biyu da kwamfuta da saunkad, wato akwatin da ke haɗa kwamfuta da monita. A kan sola, inbata mai fitar da tsantsar wuta ake so. Mai arhar nan da wutarta ke fita a kakkarye tana sa monita zuzu, tana kuma dafa tiransifomar cikinta. Ƙaramin janareta marar daidaita wuta shi ma haɗari ne, musamman lokacin da mai ya kusa ƙarewa yana tari. Ƙa'ida ita ce monita ce ta ƙarshe a kunnawa, ta farko a kashewa, kuma a kashe ta kafin a juya layi daga NEPA zuwa inji.

Gunjin wuta yana zaune a 50 Hz da 100 da 150, wato tsakiyar bes ɗin da kake ƙoƙarin ji. Maganinsa na farko waya mai layi uku, XLR ko babban jak mai zobe biyu da ake kira TRS, daga saunkad zuwa monita. Jak mai zobe ɗaya na jita ne, yana kwaso ƙara. Ka duba bayan saunkad ɗin kafin saye: Focusrite Scarlett 2i2 tana da mafitar TRS, Behringer UM2 kuwa RCA ce. A jona komai a soket ɗaya. Idan gunjin ya tsaya da zarar ka zare cajar laftof, to ta wayar ƙasa yake zagayowa. Kada a karya ƙafar filogi ta uku don a rabu da shi, ita ce ke tsare ranka. Gidaje da yawa ma ba su da wayar ƙasa ta gaskiya, sai mai gyaran wuta ya kafa sandar jan ƙarfe, kuma a busasshiyar ƙasa mai yashi irin tamu sukan zuba gawayi da gishiri a ramin don ta kama.

A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, farantin bayan monita yana yin zafin da hannu ba ya jurewa, musamman masu amfilifaya irin ta Yamaha HS. A bar masa iska, kada rana ta taga ta riƙa dukan akwatin, domin zafi yana busar da gam da robar bakin wufa. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. A rufe su da yadi bayan sun huce, a share da burushi mai laushi, kada a hura iska mai ƙarfi a tuwita, balle irin ta Adam mai siririn naɗi. Fanka ma tana da nata laifin: ƙararta tana binne bes, fikafikanta kuma suna sa sauti rawa. Yi aikinka da ita a kunne, amma idan an zo yanke hukunci a kan kik da bes a kashe ta na minti 10, a sha zufa.

Galibi daga Kano ko kasuwar Alaba ta Legas ake turo waɗannan kaya, tafiyar kusan kilomita 1,000 a bayan mota idan daga Legas ne, don haka a nemi kwalinta na asali da sosonsa. A tambaya da kyau ko kuɗin da aka faɗa na guda ɗaya ne ko na biyu, domin yawancinsu ɗai-ɗai ake sayar da su. Ta hannu ba laifi ba ce idan an gwada. A kashe, ka danna wufa a hankali da yatsu a kewayen tsakiyarsa, idan ka ji yana gurzar wani abu to naɗin cikinsa ya taɓa ƙonewa. A kunne, ka bi sautuka daga 40 zuwa 200 Hz kana neman kaɗawa ko huci, ka kara kunne a tuwita ka tabbata tana magana, sannan ka sa murya ɗaya a duka biyun, ya kamata ka ji ta a tsakiya cif. Idan ta karkata gefe, ɗaya ta gaji ko an yi mata naɗi. Sukurorin da kansu ya cinye alama ce an buɗe ta. Nauyi ma yana tona jabu: HS5 kilo 5.3 ce, HS7 8.2, HS8 10.2.

Sabwufa ita ce abu na ƙarshe da za a saya, in ma za a saya. A ɗakin da ba a gyara ba, zuba 35 Hz cikinsa ƙara wa ruri abinci ne, ga maƙwabta da bango ɗaya ya raba ku. Wanda ya gyara ɗakinsa kuma 808 ce sana'arsa, ya raba aiki a 80 Hz, ya ɗora sabwufar a kan kujerarsa tana kiɗa, ya zagaya gaban ɗakin a durƙushe har ya sami inda bes ya fi fita sumul, nan ne mazauninta. Ga sauran mutane akwai hanya mai arha. Hedifon mai kyau, irin Audio-Technica ATH-M50x ko AKG K371, ba ruwansa da bangon ɗaki, yana nuna abin da ke ƙasa da 50 Hz. Manhajar Voxengo SPAN kyauta ce, tana zana maka sautin a allo ka ga abin da kunne bai kama ba. REW ita ma kyauta ce, da makirfon awo irin UMIK-1 za ta nuna maka tudu da ramin ɗakinka dalla-dalla.

Ƙarfin da kake saurare da shi yana canza yawan bes ɗin da kake ji. Tun 1933 masu bincike Fletcher da Munson suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin sautuka masu kauri sosai idan an rage sauti, yana kuma ƙara jin su idan an murɗa. Wanda ke haɗa kiɗa da ƙarfi kamar gidan biki zai ji bes ya ishe shi tun bai isa ba, wanda ke yi ƙasa-ƙasa da dare zai zuba ya yi yawa. Ka sa manhajar auna ƙara a waya, ka saita wajen 75 zuwa 79 dB a inda kake zama, ka yi wa maɓallin saunkad alama da biro, kullum a nan za ka yanke hukunci. Ka ajiye waƙoƙi uku ko huɗu da ka san suna fita da kyau a ko'ina, ka riƙa kwatanta naka da su a ƙarfi ɗaya.

Sannan ka tuna inda waƙar za ta je. Yawancin masu saurarenka a wayar Tecno ko itel za su ji ta, sifikar da ba ta fitar da abin kirki ƙasa da 200 Hz, wasu a ƙaramar MP, wasu a cikin Keke Napep mai akwati a bayan kujera wanda ba abin da ya sani sai bes. Don bes ya tsira a waya, sai an ɗan gurza shi ya haifi 'ya'yan sauti a 100 da 150 da 200 Hz zuwa sama, kunne yana jin waɗannan ya cike uwar da kansa. Don kada ya yi ɓarna a Keke da wurin biki, a tattara duk abin da ke ƙasa da 120 Hz a tsakiya, a yanke ƙasan murya daga 80 Hz, a kuma hana kik da bes zama a kan sauti ɗaya: idan kik ya kama 60 Hz, a ɗan rage wa bes 2 ko 3 dB a wurin, a ba shi fili a wajen 90 zuwa 100.